Wurin Kifin da Baba Ya Ɓoye Shekara Hamsin

Ko da zan tsufa in fara rikita sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta da ranar da na fara fitar da ɗan jirgina teku. An kwana biyu yanzu, amma har yau in warin sabon faiban jikin jirgi ya haɗu da na fetur a hancina, sai ranar ta dawo mini sabuwa fil, da daɗinta da kunyarta.

Ni dai mutumin Gumel ne, kuma kafin in zo Jidda ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari in damina ta yi kyau. Aikina gyaran injina a wani sito da ke Madinar Masana'antu, kuma ba yabon kai ba, in inji ya yi tari daga nesa zan gaya maka ciwonsa kafin in taɓa shi. Wannan hannun ne ya kai ni bakin ruwa, don masu jiragen kamun kifi sukan kira ni ranar Juma'a in duba musu inji, wani lokaci su ce in hau mu gwada. Hawa ɗaya, hawa biyu, shi ke nan Bahar Maliya ta shiga jinina. Na yi shekaru ina tari har na sayi nawa, ɗan ƙarami, fari sol, mai cin mutum huɗu, da inji ɗaya a baya. A gefen sitiyari akwai na'urar nuna hanya, wadda ke gaya maka inda kake da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinka. Matata ta ce mutane na can suna gini a gida, ni na je na sayo baho mai inji. Na ce ta bari ta ci kifin tukuna.

Takardun jirgin da sunan kafilina suka fita, wato ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, don hakan ya fi sauƙi. Balarabe ne, mutumin kirki, shekara goma sha ina ƙarƙashinsa ban taɓa ganin sharrinsa ba. Abu guda ya nema: in ya yi sha'awar fita wata Juma'ar, in ba shi makulli. Na ce ai wannan ko ba a faɗa ba.

To, a layinmu na unguwar Mahjar akwai wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya, kowa Baba yake ce masa. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji bai koma ba. Hausarsa na nan daram, sai dai ba ya kai ƙarshen magana bai jefa Larabci a ciki ba. Shekara hamsin yana fita teku kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi ya sayar da jirginsa. 'Ya'yansa duk 'yan ofis ne, babban ma ko a bakin ruwa ya tsaya sai jiri ya ɗebe shi. Duk wanda ya san harkar kifi a unguwar ya san Baba yana da wani wuri a cikin teku da yake samo najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da mutanen Jidda ke ji da shi. An roƙe shi, an yi masa wayo, an sha bin bayansa da jirgi, amma bai taɓa nuna wa kowa ba. Mahaifinsa ne ya nuna masa, shi kaɗai.

Da labarin jirgina ya kai masa, sai ya tare ni a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna.

"Ya waladi, ranar farko ni za ka ɗauka," ya ce. "Ni da kai kawai, bas. Na daɗe ina kallonka, ba ka da surutu. Na tsufa, ina so in bar wurin nan a hannun wani."

Wallahi kaina sai da ya yi girma. Mutanen da aka haifa a bakin tekun nan suna nan birjik, amma ni ɗan kududdufi aka zaɓa. Na ce, "Baba, ka samu mai riƙewa." Kuma har zuciyata nake nufi.

Ranar Juma'a muna idar da sallar asuba muka kama hanyar marsa, inda ake ɗaure jirage. Ni na sha rigar ruwa, ga sabuwar sandar kamun kifi mai ƙyalli, ga kula cike da ƙanƙara. Baba kuwa leda ɗaya ya riƙo: zaren fatsa naɗe a jikin guntun katako, filas ɗin shayi, da tarin gurasar tamis. Na ce gurasar nan ta yi mana yawa mu biyu. Ya ce ba tamu ba ce, sabon jirgi ba ya jiƙa cikinsa sai an yi sadaka. Ya bi ma'aikatan marsa ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu suna yi mana addu'a. Masu gadin ruwa suka duba iƙamata, wato katina na izinin zama, da takardun jirgi, suka rubuta lokacin fitarmu. Na yi bismillah na murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya, sautinsa sumul. Na ce a raina, yau ake yin ta.

Muna fita daga bakin marsa, Baba ya lallaba ya koma gaban jirgin ya zauna, ya juya mini baya. Daga can ya ɗaga murya: "Kashe jihaz ɗin nan."

Na'urar yake nufi. Na dube ta, na dubi ruwan. Duk wanda ya san tekun Jidda ya san sha'ab, duwatsun murjanin nan da ke kwance dab da saman ruwa, waɗanda in ka hau su za su farke cikin jirgi kamar an sa wuƙa a kabewa. Jirgin nan ko awa ɗaya bai yi a ruwa ba. Tsohon nan kuma ya haura saba'in. In hawan jini ya kama shi a tsakiyar teku fa, wa zai nuna mini hanyar gida? Sai wata dabara ta zo mini wadda a lokacin na ga ba ta da aibi. Ai abin da yake gudu shi ne in danna maɓallin ajiye wuri, ni kuwa ba zan danna ba. Na jawo tawul na lulluɓe fuskar na'urar, na bar ta a kunne saboda ko-ta-kwana.

"Ka kashe?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Na kashe, Baba."

Kalma uku ke nan, kuma na faɗe su ko gezau. A lokacin ban ma lissafa ta cikin ƙarya ba, na ɗauke ta hankali ne irin na mai sana'a.

Daga nan aka fara karatu. Ashe fitar safe ba don sanyi ba ce kawai. Muna fuskantar yamma, rana na bayanmu, don haka ruwan ya buɗe kamar gilashi, kana ganin launinsa daki-daki. Baba ya miƙa hannu yana nuna mini. Inda ya yi shuɗi mai duhu, zurfi ne, ka taka inji yadda kake so. Inda ya koma kore, ka rage. Inda ka ga ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, to ka yi nesa, sha'ab ne. Ya ce in rana tana gabanka duk launin nan ɓacewa yake, ruwan ya zama azurfa, a nan ne masu gaggawa ke barin jiragensu. Hannunsa ya karkata dama, in karkata. Ya dunƙule, in rage wuta. Muka ratsa wata 'yar siririyar hanya tsakanin sha'ab biyu, ina ganin murjani hagu da dama har da ƙananan kifaye masu launi suna watsewa. Gabana bai faɗi ba ko kaɗan. Jirgin na bin hannuna, ni ina bin hannun Baba, har na fara 'yar waƙa.

Da muka yi nisa gari ya koma siriri a bayanmu, sai ya ce in tsaya in juyo. "Masu jihaz gaba suke kallo," in ji shi. "Mu baya muke kallo. Shuf." Ya nuna mini duwatsun da ke bayan Jidda, ya ce in nemi wani mai tsaga a kansa. Na gan shi. Ya ce in matsa da jirgin a hankali har wani dogon bene fari ya shiga daidai ƙarƙashin tsagar. Sannan ya juya ni wajen kudu, ya nuna wani bututun hayaƙi, ya ce sai ya rufe gefen wani tudu. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne. Ya ce a zamanin mahaifinsa hasumiyar wani masallaci ce alamar, da gine-gine suka tare ta ya koma kan wani tankin ruwa, da aka rushe tankin ya koma kan benen nan. Ya sa na kauce na dawo da kaina har sau uku. A na ukun na dire daidai. Ya ce, "Aiwa. Yanzu yana cikin kanka."

Ko anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, bai bari na jefa inda na ga dama ba. Ya kai ni wani fili mai farin yashi can sama da wurin, muka sauke ta a nan, muka yi ta sakin igiya har iska ta kawo jirgin bakin ramin da kifin ke ciki. Ya ce anga a kan murjani daidai take da rushe wa kifi ɗaki.

Ya saƙala naman habbar, wata halittar teku mai hannuwa da yawa, a ƙugiya, ya naɗa guntun roba a yatsansa, ya saki zare yana ƙirgawa da faɗin hannuwansa har gaba goma sha ɗaya. Ko shayin da na zuba masa bai huce ba na ga kafaɗarsa ta motsa. Tsohon da ke dafa bango kafin ya tashi daga sahu, sai ga shi yana jan zare hannu bi hannu, da sauri, ba tsayawa. Najil ya fito ja wur, ɗigon jikinsa na walƙiya. Na yi kabbara har muryata ta fashe.

Ni kuma da sandata mai ƙyalli, kifi ya kama, na tsaya ina jin daɗin yadda ta lanƙwashe, sai ji na yi zare ya saki. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce najil ba a yi masa kawaici, gaba biyun farko in ka sassauta ya shige raminsa, dutse ya yanke zaren, halas, shi ke nan. Na sake ɗaurawa. Na biyun bai sha ba, na ɗaga shi da ƙarfi tun bugun farko, ya hau jirgi yana bugun ƙasa da jela. Na ce, "Baba, ka ga ɗan Gumel!" Ya ce ya gani, in rage ihu, teku na kai murya nesa.

Wajen hantsi wani abu ya ja zarena har sai da na durƙusa. Na kafa ƙafa a gefen jirgi, na ja, ya ja, gumi na shiga idona, Baba na faɗin, "Yalla, yalla, kar ka ba shi!" Da ƙyar na raba shi da ƙasa. Da ya taso, sai na ga najil ɗin da ban taɓa ganin irinsa ko a kasuwar kifi ba, tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Na ɗaga shi. Na ce a yi mini hoto. Baba ya karɓi wayar, amma sai da ya juya ni na ba teku baya, don kada gari ya fito a hoton wani ya karanta alamar. Yana gama ɗauka ya ce, "To, mayar da shi."

"Baba, in mayar da me?"

"Manyan nan su ne masu gidan. In ka kwashe su, wurin ya mutu. Ka ci matsakaita, uku a fita ɗaya, kar ka ƙara. In ka hango jirgi na tahowa, ka ɗaga anga ka yi kamar wucewa kake. Haka na same shi, haka na riƙe shi."

Raina bai so ba, ba zan ɓoye ba. Amma na zare ƙugiyar, na riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya buga jela sau ɗaya ya nutse. Baba ya kamo na ukun, muka naɗe zare. Muka jira rana ta karkata yamma ta koma bayanmu, sannan muka juyo gida, ni ke karanta ruwan da kaina shi yana gyangyaɗi. A marsa ya raba kifin: ɗaya nasa, ɗaya nawa, ɗaya rabon jirgi, wato na wanda sunansa ke kan takarda.

Da yamma na kai wa kafilina nasa a gidansa da ke Aziziyya. Yana buɗe kula ya ce, "Masha Allah! Daga ina?" Na gyara tsayuwa na ce masa, Allah ya ja da ranka, jirgi naka ne duk ranar da kake so, amma wurin nan amana ce, ba nawa ba ne balle in bayar. Ku sani fa, wannan mutumin shi ke riƙe da iƙamata, kuma a idonsa na faɗa. Ya dube ni, ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya ce ba komai. Na fito ina jin ba a taɓa yin mai riƙon amana kamata ba. A gida na ba matata labarin sau biyu, tana cin najil tana cewa bahon nan dai ya yi rana.

Bayan mako biyu kafilina ya karɓi makulli zai fita da surukansa. Na miƙa masa hankalina kwance, tunda na san ban danna komai ba. Ranar da muka koma aiki ya kira ni ofis yana fara'a, ya miƙo mini wayarsa. Cikin jirgina ne a hoton, ya yi ja da najil tun daga gaba har baya, manya da ƙanana, an jera su. Ya ce, "Kai mutum ne mai hikima. Bakinka bai faɗa ba, amma ka bar mini a jihaz. Ina kunnawa sai ga layi tun daga marsa, ya ratsa sha'ab, ya je ya yi zagaye uku ya tsaya. Na ce wannan kunya ce ta hana shi faɗa." Ya ƙara da cewa surukansa sun ji daɗi ƙwarai, har sun tura wa abokansu lambobin wurin.

Ni da nake taƙama da sanin inji, ban tsaya na yi tunanin cewa na'urar nan muddin tana kunne tana zana duk inda jirgi ya bi ba, ka danna ko kar ka danna. Tana can ƙarƙashin tawul tana rubuta karatun da Baba ke ba ni, har kaucewa ukun da na yi. Kuma ba ni da bakin zargin kafilina. Bai saci komai ba, layi ya gani a jirginsa ya bi.

Bayan wata guda na fita ni kaɗai na je. Tun kafin benen ya shiga ƙarƙashin tsaga na hango jirage shida a kan wurin, kowa ya jefa angarsa tsakiyar murjani, ana kiɗa ana shewa. Ban ko kashe inji ba na juyo.

Na yi kwanaki ina sauya sahu a masallaci don kada mu haɗa ido. Daga baya na ga wannan ba halina ba ne, ni na yi, ni zan faɗa. Bayan la'asar na same shi a kan dogon bencin da yake zama a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga tawul har jirage shida, ban rage ba ban kuma kawo uzuri ba. Ya juya ɗan kofin shayinsa.

"Manyan ma sun ɗauka?" ya tambaya.

Na ce sun ɗauka.

Ya gyaɗa kai. Ya zuba mini shayi ya ce in tashi in zauna, ƙasa da zafi. Na ce ya yafe mini.

"Na yafe maka, wallahi, duniya da lahira," ya ce. "Tsoro ka ji, da ka gaya mini tsoro kake ji da na nuna maka yadda ake komawa gida ba jihaz. Amma ya waladi, wurare uku mahaifina ya bar mini. Wancan shi ne ƙaramin. Sauran biyun kuma, halas."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata da fara'a, ya zo sunan 'yata, har ya sake hawa jirgina sau biyu muka je inda kowa ke zuwa. Ni ma ban taɓa samun fuskar tambayarsa ba. Shekara biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Har yanzu ina fita teku, kuma ban san wanda ya fi ni karanta launin ruwa a cikin abokaina ba. Amma abin da ranar ta koya mini ba na ruwa ba ne. Na iya tsayawa gaban mai iƙamata in ce a'a, na ɗauka nan ne gwajin yake, ashe tun da safe na faɗi, lokacin da ba mai kallona, a kan abin da na raina. In mutum ya ba ka amana ya ce ga yadda za ka riƙe ta, ka riƙe ta yadda ya ce, ko ka buɗe baki ka ce ba za ka iya ba. Kar ka gyara masa sharaɗi a ɓoye don kana ganin ka fi shi dabara.